Uwar Garke: Nazarin Yadda Giwaye Mata Ke Kare 'Ya'yansu da Yi Musu Jagora

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da giwaye mata ke bi wajen tsare rayukan 'ya'yansu da koya musu zaman daji. Manufarta ita ce gano abin da rayuwar ɗan giwa ta fi dogara a kansa, tsakanin ƙarfin jikin uwa da sanin da manyan garke suka tara a tsawon shekaru. An gudanar da binciken ta hanyar bitar ayyukan masana halayyar dabbobi, musamman waɗanda aka yi a gandun dajin Amboseli na Kenya da na Tarangire a Tanzaniya, sannan aka auna sakamakon da hoton giwa a harshe da adabin Hausa. Binciken ya gano cewa kariyar ɗan giwa aiki ne na taron dangi, kuma ingancinta yana ƙaruwa da shekarun uwar garke. Ya kuma gano cewa kashe tsofaffin giwaye domin haurensu yana hallaka ƙananan da harsashi bai taɓa ba. A ƙarshe, maƙalar ta nuna cewa adabin Hausa ya ɗauki giwa a matsayin alamar ƙarfi, ya bar ɓangaren uwantaka da hikima ba tare da ba shi haƙƙinsa ba.

Fitilun Kalmomi: giwa, uwar garke, raino, jagoranci, farautar haure

1.0 Gabatarwa

Babu dabbar tudu da ta kai giwa girma, kuma a cikin dabbobi masu shayarwa babu wadda ta kai ta daɗewa da ciki. Takan yi kimanin wata 22 kafin ta haihu, sannan ta haifi ɗa guda ɗaya mai nauyin kusan kilo 100. Daga wannan haihuwa zuwa ta gaba akan sami tazarar shekara 4 zuwa 5. Dabbar da haihuwarta ke da tsada haka ba ta da halin yin sakaci da abin da ta haifa, domin asarar ɗa ɗaya asarar shekaru ce masu yawa. Wannan ne ya sa kusan duk tsarin zaman giwaye ya ginu a kan ɗan ƙaramin da ke tsakiyar garke.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: mene ne ainihin abin da ke raya ɗan giwa har ya kawo ƙarfi? Amsar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce girman uwarsa, domin ba kowane mai farauta ke tunkarar dabba mai nauyin tan uku ba. Sai dai binciken da aka shafe fiye da shekara 50 ana yi a gabashin Afirka ya nuna cewa girman jiki kashi ɗaya ne kawai na lamarin. Giwa 'yar shekara 30 da mai shekara 60 ba su da wani bambancin ƙarfi na a-zo-a-gani, amma 'ya'yan garken da ta biyun ke jagoranta sun fi samun tsira idan masifa ta zo. Bayanin wannan bambanci shi ne jigon maƙalar.

1.1 Hanyar Gudanar da Bincike

Bincike ne na ɗakin karatu. An tattara bayanai daga ayyukan da masana suka wallafa a kan giwar sarari ta Afirka, aka fi mayar da hankali a kan Amboseli, gandun dajin da ke gindin dutsen Kilimanjaro. Dalilin zaɓensa shi ne, tun shekarar 1972 Cynthia Moss da Harvey Croze suka fara bin giwayen wurin ɗaya bayan ɗaya, suna gane kowace ta hanyar tsagar kunnenta da siffar haurenta. Aikin ya ci gaba har yau, ta yadda an san shekarun yawancin giwayen da iyayensu da kakanninsu. An ƙara da misalai daga Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Chadi da Myanmar a inda suka ƙara haske.

1.2 Bayanin Muhimman Kalmomi

An yi amfani da "uwar garke" ga macen da ke jagorantar iyalin giwaye, wadda galibi ita ce mafi shekaru a cikinsu. "'Yar raino" na nufin budurwar giwa da ba ta fara haihuwa ba, wadda ke kula da ɗan wata. "Toro" shi ne namijin giwa da ya balaga. "Hannu" kuwa shi ne dogon hancin da giwa ke ɗaukar abinci da ruwa da shi.

2.0 Tsarin Garken Giwaye

Garken giwaye iyali ne na mata. Ya ƙunshi uwar garke da 'ya'yanta mata da ƙannenta da jikokinta, tare da 'ya'yansu maza da ba su balaga ba. Mace takan zauna a garken da aka haife ta har ƙarshen rayuwarta, wadda kan kai shekara 60 zuwa 70. Namiji kuwa yakan fara jan jiki da zarar ya haura shekara 10, kuma kafin ya kai 15 yawanci ya fita ya shiga cikin toraye. Toro ba ya da hannu a rainon ɗansa. Saboda haka duk abin da ɗan giwa zai sani na rayuwa a shekarunsa na farko, daga mata yake samunsa.

Iyalai masu dangantaka sukan haɗu lokaci zuwa lokaci, musamman da damina sa'ad da ciyawa ta wadata, su sake rabuwa idan rani ya tsananta. Uwar garke ce ke da babbar murya a kan lokacin tashi da inda za a dosa da wanda za a kusanta. Ba da faɗa take samun wannan matsayi ba. Shekaru da gogewa ne ke ba ta shi, kuma idan ta mutu yakan koma ga wata babbar mace a cikin iyalin, ko kuma iyalin ya rabu gida biyu.

3.0 Kariya ta Jiki

3.1 Daga Haihuwa Zuwa Yaye

Idan giwa ta haihu, matan garke sukan kewaye ta suna gurnani da kaɗa kunnuwa. Uwar takan yi amfani da ƙafa da hannu ta cire mahaifar da ta lulluɓe jinjirin, ta riƙa ɗaga shi har ya tsaya, abin da kan faru cikin kusan sa'a guda. Nonon giwa guda biyu ne, suna tsakanin ƙafafunta na gaba, kuma da baki jinjirin yake sha, domin a wannan lokaci bai iya sarrafa hannunsa ba. Sai bayan watanni yake koyon tsinkar ciyawa da zuƙar ruwa da shi, ta hanyar kallon manya da kwaikwayonsu. Yakan zura hannunsa a bakin uwarsa ya ɗanɗani abin da take ci, ta haka yake gane tsiron da ake ci da wanda ake bari. Yakan kuma ci ɗan kashin manya, inda yake samun ƙwayoyin halittar da cikinsa ke bukata domin narkar da ganye.

Har ya kai shekara guda, ɗan giwa yana iya shigewa ƙarƙashin cikin uwarsa, kuma nan ne mafakarsa daga rana da ruwan sama da abin tsoro. Uwa takan watsa masa turɓaya da taɓo domin kare fatarsa daga zafi da cizon ƙwari. Idan za a haye kogi, manya sukan sa shi a tsakiya, idan kuma gaɓa ta yi masa tsawo su turo shi daga baya ko su jawo shi da hannu. Rayuwarsa ta dogara kacokan a kan nono har zuwa wajen shekara 2, ko da yake yakan ci gaba da sha har a yi masa ƙane. Jinjirin da ya rasa uwa kafin wannan lokaci da wuya ya rayu a daji.

Labarin wata uwar garke ta Amboseli da masu bincike suka sa wa suna Echo ya nuna iyakar wannan kula. A shekarar 1990 ta haifi ɗa namiji, aka kira shi Ely, wanda ya zo da ƙafafun gaba a lanƙwashe, bai iya miƙewa ba sai jan gwiwa. Garken yana bukatar tafiya neman ruwa, amma Echo da 'yarta Enid suka tsaya tare da shi cikin zafin rana, suna tafiya kaɗan suna jiransa. A rana ta uku ƙafafun suka saki, ya miƙe, kuma ya rayu har ya zama toro. Da a ce uwar ta bi garke a ranar farko, da kuraye sun gama da shi kafin wayewar gari.

3.2 Da'irar Tsaro

Babbar giwa ba ta da abokin gaba a daji in ban da ɗan'adam, amma ƙarami abinci ne ga zaki da kura da kada. A yankin Savuti na ƙasar Botswana an san wasu zakuna da suka ƙware wajen kama matasan giwaye, musamman waɗanda suka yi nisa da iyayensu. Idan garke ya ji alamar haɗari, manyan mata sukan dunƙule wuri guda, su juya fuskokinsu waje, su baza kunnuwa, ƙanana kuma su shige tsakiya. Sau da yawa uwar garke ce ke fitowa gaba ta tunkari abin da ya kawo barazanar. Wannan dabara tana aiki a kan zaki. A gaban mai bindiga kuwa ita ce ke jawo musu halaka, domin ta tara iyalin duka a wuri ɗaya, ta kuma sa mafi daraja a cikinsu a sahun gaba.

4.0 Rainon Taron Dangi

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma a garken giwaye haka abin yake a aikace. Phyllis Lee ta wallafa wani nazari a 1987 a kan 'yan raino a Amboseli, inda ta nuna cewa 'yan matan giwaye, yayyen jinjiri da 'yan'uwan uwarsa, suna ɗaukar kaso mai yawa na kula da shi. Su ne ke tsayawa a kansa idan ya kwanta barci, su tashe shi idan garke zai motsa, su ruga idan ya yi kuka, su ciro shi idan ya maƙale a taɓo. Wani lokaci yakan kama nonon 'yar raino ko da babu ruwa a ciki, domin samun natsuwa kawai.

Amfanin wannan tsari ta fuska uku ne. Uwa tana samun sararin ci sosai, abin da mai shayarwa ke matuƙar bukata. Jinjiri yana samun idanu da yawa a kansa, kuma binciken ya nuna cewa iyalan da ke da 'yan raino da yawa sun fi raya 'ya'yansu. Ita kuma 'yar rainon tana koyon uwantaka tun kafin ta haihu, abin da kan faru tana da kimanin shekara 14. Bambancin gogewa a bayyane yake, domin 'ya'yan fari sun fi mutuwa a kan 'ya'yan iyayen da suka saba haihuwa.

Kaka ma tana da nata gurbin. Mirkka Lahdenperä da abokan aikinta sun yi nazarin rajistar giwayen Asiya da ake aikin katako da su a Myanmar, suka wallafa sakamakon a 2016. Sun gano cewa ɗan da ƙaramar uwa ta haifa, wato wadda ba ta kai shekara 20 ba, haɗarin mutuwarsa yana raguwa har ninki takwas idan kakarsa tana zaune wuri ɗaya da su. Ko da yake jinsin giwar ya bambanta da na Afirka, darasin ɗaya ne: kasancewar tsohuwa kusa yana cike giɓin ƙuruciyar uwa.

5.0 Jagoranci da Sanin Uwar Garke

A wannan sashe ne amsar tambayar maƙalar take. An kawo hujjoji huɗu da ke nuna cewa abin da uwar garke ta sani shi ne babban garkuwar ƙanana.

5.1 Sanin Na Gida da Baƙo

Giwaye suna kiran juna da wani gurnani mai zurfi, wanda wani ɓangarensa kunnen mutum ba ya ji, kuma yana tafiya nesa. Katy Payne ce ta fara lura da wannan a 1984. Karen McComb da abokan aikinta sun naɗi irin wannan kira na giwaye daban-daban a Amboseli, suka riƙa kunna wa iyalai 21 ta lasifika, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2001. Iyalan da ke da tsofaffin iyayen garke sun iya bambance muryar giwar da suka saba da ita da ta wadda ba su sani ba. Idan ta saba ce su ci gaba da kiwo, idan baƙuwa ce su dunƙule. Iyalan da ƙananan mata ke jagoranta kuwa sukan firgita da kusan kowace murya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin baƙin giwaye suna iya cutar da jinjiri, kuma firgita a banza tana cinye lokacin kiwo. Binciken ya nuna cewa matan iyalan farko sun fi na biyun yawan haihuwa.

5.2 Auna Girman Haɗari

A wani nazari da aka wallafa a 2011, McComb ta kunna wa iyalai 39 rurin zakuna. Duk iyalan sun fi tsorata da rurin zakuna uku a kan na ɗaya, wato ƙidaya ba ta bukatar shekaru. Amma da aka zo bambance rurin namijin zaki da na zakanya, sai aka ga iyalan da iyayen garkensu suka kai shekara 60 sun fi saurin dunƙulewa da tunkarar inda sautin ya fito idan na namiji ne. Namijin zaki ko shi kaɗai yana iya kayar da ɗan giwa, kuma ba kullum ake gamuwa da shi yana farauta ba. Sanin wannan sai wadda ta daɗe a duniya har ta gani da idonta.

5.3 Sanin Mutane

Makiyayan Masai da ke kewaye da Amboseli sukan soki giwa da mashi idan rikici ya haɗa su a kan ruwa ko dabbobi, su kuwa Kamba manoma ne da ba su cika yin haka ba. Lucy Bates da abokan aikinta sun nuna a 2007 cewa giwayen wurin sun fi gudu idan suka shaƙi tufafin da namijin Masai ya sa a kan wanda Bakambe ya sa. A 2014 aka ƙara gano cewa suna bambance ƙabilun biyu ta murya, har ma suna bambance muryar namiji baligi da ta mace ko yaro. Ba a haifi ɗan giwa da sanin Masai ko Kamba ba. Yana tsintar wannan ne daga yadda manya ke yi a gabansa.

5.4 Sanin Hanya a Lokacin Fari

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Tarangire. A 1993 an yi mummunan fari a yankin, irin wanda ba a gani ba tun na shekarun 1958 zuwa 1961. Charles Foley da abokan aikinsa sun bi manyan dangogi uku na giwaye, suka ga cewa cikin wata tara 'ya'ya 16 daga cikin 81 sun mutu, alhali a shekarar lafiya kashi 2 cikin 100 kawai ke mutuwa. Dangi biyu sun fice daga gandun dajin zuwa inda suka sami ruwa da ciyawa, ɗaya kuma ya zauna. Mafi yawan mace-macen a cikin wanda ya zauna ne. Da aka duba shekaru, sai aka tarar manyan matan dangogin da suka fita suna da shekara 45 da 38, wato sun ga farin baya suna ƙanana a bayan iyayensu. Babbar dangin da ya zauna shekararta 33, an haife ta ne a cikin farin ko dab da shi. Masu binciken sun fassara wannan da cewa tsofaffin sun tuna hanyar da aka bi da su fiye da shekara 30 da suka wuce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

6.0 Idan Aka Rasa Manya

Hauren giwa yana girma ne tsawon rayuwarta, saboda haka mai neman haure tsofaffi yake fara nema. George Wittemyer da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa an kashe giwaye kusan 100,000 a Afirka tsakanin 2010 da 2012, duk da haramcin cinikin haure tsakanin ƙasashe da aka zartar a 1989. Ƙidayar gawarwaki ba ta nuna dukkan ɓarnar, domin duk uwar garken da ta faɗi ta tafi da taswirar ruwa da sanin abokan gaba na iyali guda.

Afirka ta Kudu ta ba da misalin abin da ke biyo baya. A shekarun da ake rage yawan giwaye a gandun dajin Kruger ta hanyar harbe manya, an kwashi marayun da aka bari zuwa gandun Pilanesberg, inda suka tashi babu babba a kansu. Tsakanin 1992 da 1997 matasan mazan suka kashe karkanda fiye da 40, kuma abin bai lafa ba sai da aka kawo manyan toraye shida a 1998. A ɓangaren matan kuma, Graeme Shannon da abokan aikinsa sun maimaita gwajin muryoyi a 2013, suka tarar giwayen Pilanesberg ba su iya bambance na gida da baƙo kamar na Amboseli ba, shekaru da dama bayan maraicin nasu. Jiki ya girma, amma abin da ake koya daga manya bai samu ba.

A gandun Zakouma na Chadi kuwa, mahara sun rage giwaye daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. Tsananin firgici ya sa waɗanda suka rage suka dunƙule wuri guda suna gudu, haihuwa ta kusan tsayawa. Bayan da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun a 2010 aka sami tsaro, sai haihuwa ta dawo, har 'yan ƙasa da shekara biyar suka haura 100 a 2018. A Samburu ta Kenya ma, Shifra Goldenberg ta nuna a 2016 cewa 'ya'ya mata sukan hau gurbin iyayensu da aka kashe, su riƙe zumuncin da iyayen suka ƙulla da wasu iyalai. Garke yana iya farfaɗowa ke nan, matuƙar an bar masa wanda ya ga jiya.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye. Gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a ƙasar, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150. A adadi ƙanƙane irin wannan, tsofaffin mata 'yan kaɗan ne. Harbe guda ɗaya, ko domin haure ko domin ramuwar ɓarnar gona, yana iya barin iyali guda a hannun wadda ba ta san inda ake samun ruwa ba idan kogin Gaji ya ja baya.

7.0 Giwa a Harshe da Adabin Hausa

A nahawun Hausa kalmar "giwa" jinsin mace ce, kamar yawancin sunayen da ke ƙarewa da wasalin "a". Idan ana nufin namiji sai an ƙara kalma, a ce "toron giwa", kamar yadda ake cewa "toron agwagwa". Duk da haka, idan aka dubi kirarin sarakuna da na jarumai, toron ne ya fi fitowa, kuma ma'anar da ake nufi ita ce ƙarfi da kwarjini da ture duk abin da ya tare hanya. Karin maganar da ke cewa giwa a garin wani zomo ce ita ma girman jiki ta ɗauka ma'auni. A tatsuniya kuwa, giwa mai ƙarfi ce marar wayo, wadda Gizo ke yi wa dabara ya sha. Ko laƙabin "giwar mata" da "giwar sarki" fifiko da matsayi suke nunawa, ba raino ko jagora ba.

Ana iya fahimtar dalilin haka. Mafarauci da manomi su ne suka fi gamuwa da giwa a ƙasar Hausa, kuma dukansu a lokacin fushinta ko ɓarnarta suke ganinta. Zama kusa da garke na shekaru domin ganin yadda uwa ke jiran gurgun ɗanta abu ne da sai a ƙarni na 20 aka sami halinsa. Abin lura shi ne, hikimar da ta dace da rayuwar giwa tana nan a taskar Bahaushe, sai dai ba a jingina ta ga giwar ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar a Tarangire a 1993.

8.0 Sakamakon Bincike

Binciken ya gano abubuwa huɗu. Na farko, kariyar ɗan giwa matakai uku ce da ke haɗe da juna: jikin uwa, da idanun 'yan raino, da sanin uwar garke. Na biyu, mataki na ukun ne ke yanke hukunci a lokacin babbar masifa kamar fari, kuma shi ne wanda ba a gadonsa ta jini, sai ta zama tare. Na uku, farautar haure tana cire wannan mataki ne tun farko, saboda haka illarta ta zarce adadin giwayen da aka kashe. Na huɗu, harshen Hausa yana da kalmomin da za su ɗauki wannan ilimi, irin su uwar garke da 'yar raino, ba tare da an yi aro ba.

Bisa wannan, maƙalar tana ba da shawarar cewa masu kula da gandayen daji su riƙa lura da shekarun giwayen da ke hannunsu, ba yawansu kaɗai ba. Haka kuma, marubuta littattafan yara da masu shirye-shiryen rediyo na Hausa, musamman waɗanda ake saurare a ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, suna da damar gabatar da giwa a matsayinta na uwa da kaka. Manomin da ya san cewa babbar da ke gaban garke ita ce ke riƙe da sauran zai fi fahimtar dalilin da ya sa ake neman a kore ta daga gona maimakon a harbe ta.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rayuwar ɗan giwa daga ranar haihuwa zuwa lokacin da yake bin sawun manya a cikin fari, ta nuna cewa mata ne ke ɗauke da shi a kowane mataki. Ta kawo hujjoji daga Amboseli da Tarangire a kan cewa shekarun uwar garke suna da alaƙa da tsirar ƙanana, ta kuma kawo misalan Pilanesberg da Zakouma a kan abin da ke faruwa idan aka raba garke da manyansa. A shekarar 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya giwar sarari ta Afirka cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Idan ana son jikokinmu su ga giwa a Yankari da idanunsu, tsofaffin matan garke ne ya kamata a fara tsarewa, domin giwa mai shekara 60 ba a samar da ita sai a cikin shekara 60.